Fentin Bindigar Chibuike

Chibuike ya kawo mini sabuwar bindigarsa ranar Talata bayan la'asar. Sufeton 'yan sanda ne, ɗan abokin aikina na da, Nwabueze na Sabon Gari. Ni shekara talatin na yi ina gyaran bindigogin hukuma. Yanzu ƙafafu sun ƙi. Ɗaki ɗaya nake a Kwaciri, daga tabarma sai buta.

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya tare mini haske. Ya zare harsasan, ya miƙo ta. Ƙaramar fistol ce, baƙa wuluk. Na ja samanta don in ɗana, sai da na cije leɓe. Fentin da aka shafa mata kauri gare shi, ga kaushi kamar dutsen niƙa. Na zamaninmu ƙarfe ne mai santsi, harbi kaɗan ya sake.

"Baba, jibi za mu raka motoci ta hanyar daji," in ji shi. "Sau biyu tana cijewa a wajen gwaji."

"Harsashi nawa ka harba?"

"Goma. Iyakar abin da aka ba mu ke nan."

"Amarya ce. Mai irin wannan fenti sai ta ci ɗari biyu kafin ta saki jiki. Ka mayar, su ba ka tsohuwa."

"Na roƙa. Sun ce ita aka rubuta da sunana."

Ya ciro samfefa daga aljihu, ya ajiye a gabana.

"Goge mini inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, ta sake yau. Babana ya ce ka taɓa yi masa."

Na yi masa. Sauran ne bai faɗa wa ɗansa ba. Damina ta sauka, tsatsa ta kama inda na goge, ranar da ɓarayi suka tare su bindigar ta ƙi tashi. Har yau da hannun hagu Nwabueze ke gaishe ni, na daman ya nakasa tun ranar. Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

In na bar ta, ƙila ta cije jibi. In na goge, ga hadari can yana haɗuwa a gabas.

Chibuike ya durƙusa, kakinsa a ƙasa.

"Baba, cikin matata Nneka wata takwas. Don Allah."

Na dubi samfefar, na dubi yaron. Na tura masa bindigar da bayan hannu.

"Ɗauki abarka. Ba zan goge ba."