Sunayen da ke Ƙasan Shafi

Saura kwana huɗu auren ReNae aka aiko wa mahaifiyarta, Verla Esplin, cewa Bishof na son ganinta da yamma. Takardarta ta shiga Haikali ta ƙare wa'adi, kuma a wurin 'yan Mormon, idan babu wannan takarda, ko ke kika haifi amarya iyakarki bakin ƙofa.

Ta san dalilin kiran. A taron mata na Talatar makon jiya ta ga Thora Bunker, wadda ɗanta ya rasu, tana ta kuka, sai tausayi ya kama ta. Ta karanta mata wasu kalmomi da ka, a kan cewa ba a raba uwa da ɗanta a lahira. Wata mai kunnen maciji ta koma gida ta bincike littattafan ikilisiya huɗu kaf, ba ta ga kalmomin ba. Garin nan namu kuwa, in ka yi atishawa a bayan dutse, kafin ka sauko an yi maka sannu a shagon aski.

Daga kundin marigayi Orval ta ɗauko su. Shekara talatin mijin nata ya yi yana tara wahayi da addu'o'in da ake cewa na shugabannin farko ne, waɗanda ikilisiya ba ta taɓa sa su cikin nassi ba. Shi dai son tarihi ne ya dame shi. Amma a kudancin jihar Utah na lokacin, da mutanen kan iyaka aka san irin takardun nan, waɗanda aka kora don sun ƙi barin auren mata da yawa.

Bishof DeLoy Heaton, mai sayar da abincin dabbobi, ya nuna mata kujera yana kallon tebur.

"'Yar'uwa Esplin, akwai wata 'yar magana."

"DeLoy, ni da na share maka majina a ajin Lahadi? Faɗi abin da ke bakinka."

"Inna Verla, don Allah. A nan Bishof nake." Ya gyara murya. "Kina tare da mutanen kan iyaka?"

"Allah ya sawwaƙe! Orval ɗin ma mace ɗaya da ƙyar ya iya da ita."

Bai yi dariya ba. Ya ce maganar ta wuce shi, ta kai kunnen shugaban yanki, wanda sai da sa hannunsa shi ma takarda ke aiki. "Kundin yake so. Ki kawo gobe, ni da shi mu sa hannu a takardarki, a wuce wurin."

Ta koma gida tana cewa ai wannan mai sauƙi ne. Takarda ce, ba za ta fi 'yarta ba. Ta sauko da kundin daga saman kabad, ta buɗe a teburin kicin don ta yi masa kallon ban kwana. Nan idonta ya sauka a ƙasan shafi.

Masu tara irin wannan suna da al'ada: duk abin da ka kwafa, sai ka rubuta daga hannun wa ka samu, don a san ba kai ka ƙirƙira ba. Orval kuwa bai taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ta bi shafi-shafi tana ƙirga waɗanda ke raye. Goma sha ɗaya. Har da mijin Thora. Har da malamin makarantar gari, mai 'ya'ya bakwai, wanda idan aka kore shi daga ikilisiya babu mai sake tura masa ɗa. A shafi na sittin da biyu kuma, ƙarƙashin wata addu'ar keɓe rijiya, an rubuta: daga hannun Elva Heaton. Uwar Bishof ce.

Gaskiya ta ji wani mugun daɗi. Ta ji kamar ta ɗora wa Bishof shafin nan a gaba kawai, ta ga ko alƙalaminsa ba zai yi gudun sa hannu ba. Ta daɗe tana juya abin a ranta. Sai dai Elva ta haura tamanin, kullum tana layin gaba a coci da sandarta. Kuma da wace fuska mutum zai shiga ɗakin Allah da takardar da ya ƙwata da barazana? Ta tashi ta ɗauko almakashin ɗinki.

Washegari Bishof ya karɓi kundin, ya shafa gefen takardun da babban yatsa, ya tsaya.

"Kin yanke ƙasan."

"Wahayin kuka ce kuna so. Ga shi nan, ko wasali bai ɓace ba."

"Inna, kin fi ni sani. Shugaba ba karatu zai yi ba. So yake ya san masu yaɗa abin. Ina guntayen?"

"Murhu ya ci."

"To ai kin san su da ka." Ya sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa, zufa na tsattsafo masa a goshi. "Biyu kawai ki ba ni. Ko ɗaya. In samu abin da zan kai masa. Kada ki sa ni hana ki ganin auren 'yarki, Allah ya sani ba na so."

Sunan uwarsa ya zo mata har bakin harshe. Ta dube shi, ƙaton mutum yana murza alƙalami kamar yaron da ya manta hadda, ta haɗiye.

"Na tsufa, DeLoy. Mantuwa ta yi mini yawa."

"Wannan ba gaskiya ba ce."

"Ba gaskiya ba ce," ta ce. "To ka ga yanzu ka samu dalilin hana ni."

Ya mayar da takardar Haikalin cikin aljihun tebur babu sa hannu.

ReNae ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce a ɗaga auren. Verla ta ce ko kusa, dangin ango sun riga sun taso daga Idaho.

Ranar Asabar ta tsaya a kan ciyawar gaban Haikali cikin rigarta mai ruwan toka, tare da waɗanda ba 'yan ikilisiya ba. Ta ga mutum shida cikin sha ɗayan nan sun wuce ta da takardunsu a hannu. Malamin makaranta ya sami abin kallo a takalminsa. Elva Heaton, da ba ta san komai ba, ta daki ƙasa da sanda ta ce, "Verla, me kika aikata haka? Kai, abin kunya!" Verla ta ce mata ta kula da matakala. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Bayan awa guda ƙofa ta buɗe. ReNae ta fito cikin farin kaya, ta saki hannun angon, ta ratso mutane ta rungume ta.

"Wa ya zauna a gefenki?" Verla ta tambaya a hankali.

"Uwar ango ta so ta matso," in ji ReNae. "Na ce mata kujerar nan da mai ita, tana waje."