Hayaƙin Gidan Ewen

"Duk wanda ya taɓa murhun nan, da gatari zan bi shi," in ji Ewen Rattray. Yana zaune a kujerarsa ta kicin, bargo a gwiwa, robar iska a hanci.

"Gatarin da ba ka iya ɗagawa, Baba?" 'yarsa Glenys ta ce, ko juyowa ba ta yi ba.

Ni ina bakin ƙofa da rungumen itacen da na faskara masa. Na girmi Ewen, amma ni ke faskaren gida biyu. Bishiya ta taɓa faɗo mini a daji, kogin Waiau ya taɓa tafiya da ni da dokina, dokin ne bai dawo ba. Ban zauna a aji ba, ban kuma taɓa kwana a asibiti ba.

Rigimar a kan ruwan zafi ce. Murhun Ewen irin na iyayenmu ne, bututun ruwa ya bi ta bayansa ya hau tankin da ke rufi, in babu wuta babu ruwan zafi. Nas ɗin da ke zuwa yi masa wanka ta ce ba za ta ƙara zuba wa mai ciwon huhu ruwan sanyi ba. Ko a gyara kafin sanyi ya kankama, ko a kai shi gidan tsofaffi a birnin Invercargill. Ewen kuwa ya rantse a gidan nan zai mutu.

Tipene mai gyaran famfo ya fito da kansa daga ƙarƙashin tankin. "Dattijo, ga yadda abin yake. Ko a cire murhun a sa tukunyar dafa ruwa mai shan dizal, ita ke kunna kanta. Ko a bar murhun, a haɗa su a tanki ɗaya. In ka hura wuta ta yi shiru, in ruwa ya huce ta kama."

"A cire," Glenys ta ce. "Wata rana zai faɗi a kansa."

Ewen ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa, sannan ya nuna ni da haɓa. "In aka kashe murhun, ta yaya wancan tsohon zai san na tashi?"

Tun da matanmu suka rasu haka muke. Da safe na duba hayaƙinsa, ya duba nawa. Wanda bai ga na ɗan'uwansa ba sai ya tsallako makiyaya ya buga ƙofa. Haka kowa ke yi a kwarin nan tun kafin a zo da waya.

"Akwai waya ai," in ji Glenys.

"Col kurma ne, ba ya jin ta," in ji Ewen.

"Ni ne kurma? Tarinka ma daga gadona nake jin sa," na ce. "Idona kuwa, daga tagata nake ƙirga tumakinka."

"Shi ya sa kullum suke raguwa."

Glenys ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon ubanta. "To, a bar masa murhun," ta ce wa Tipene. Ta dube ni. "Kawu Col, na bar maka shi."

Aka kafa tukunyar a ɗakin wanki, aka fitar da sabon bututunta ta rufi, dab da tsohon bututun hayaƙi. Glenys ta koma birni. Ewen ya yi wanka da ruwan da dizal ya dafa ya ce wai bai kai na itace laushi ba, amma na lura ba ya saurin fitowa. Kowace safiya yakan ja ƙafa ya hura 'yar wuta, ko don ni.

Da sanyi ya tsananta ya daina cin komai sai kunun hatsi. Ran nan na jibge masa itace a bakin ƙofa, ya ce, "Kada ka riƙa zuwa kullum kamar nas. In ka ga hayaƙi, ka bar ni."

Washegari raɓa ta daskare a kan shinge. Na duba, na ga fari yana tashi daga rufinsa, na tafi wajen tumakina. Kwana ya sake zagayowa, na sake gani. Da rana ta ɗaga na tura baro na kai masa ƙari, sai na tarar da na shekaranjiya yana nan yadda na jibge shi. Karyarsa na kuka a ciki.

Yana kan kujerar. Ya jera ƙirare a cikin murhu, ya cusa takarda, akwatin ashana na kan bargonsa. Na dafa murhun, sanyi ƙalau. Na dafa shi. Ta bayan bango tukunyar tana gurnaninta.

Likita ya ce tun jiya ya cika.

Glenys ta iso idonta a kumbure. "Kawu, ba ka ga babu hayaƙi ba?"

"Akwai hayaƙi," na ce.

Tipene ya zo da safe, ya tsaya a tsakar gida da hularsa a hannu, ya ɗaga kai. Tururin tukunyar na fita fari fat cikin sanyi, a jikin tsohon bututun. Daga nesa, sak hayaƙin murhu. Glenys ta shiga ta buɗe famfo don ta wanke kofin ubanta, ruwan ya ƙona mata yatsu, ta bar shi yana zuba.

Mun binne shi kusa da matarsa, ni na riƙe gaban akwatin gawar. Karyar tana wajena yanzu. Glenys ta ce a bar tukunyar a kunne har sanyi ya wuce, kada bututu ya daskare ya fashe.

Yau da safe na hura wutata, na je taga riƙe da shayi. Fari yana tashi daga rufin Ewen, a miƙe, babu iska. Karyar ta ɗora ƙafafunta a kan tagar, tana kaɗa wutsiya.