Ƙarfen da ke ƙarƙashin ɗakin Mama

Ɗakin dai ya yi kyau, wannan babu musu. Ɗan Mama birkila ne, shi ya gina mata da hannunsa, har da taga mai gilashi da ɗan dakalin shan iska. Shekara talatin tana sharar coci tana kwana a ɗakin da ke yoyo daidai ƙafar gado, sai yanzu za ta miƙe ƙafa a busasshen wuri. Fenti kawai ya rage.

Ƙarfe ne ya ɓata zancen. Tun mijinta bakanike yana raye, shi da maƙwabcinsu suka binne wani tsohon ƙarfen mota a kan iyakar gidajen biyu, ita ce ma ta kai musu ruwan sha ranar. Mazan duk sun rasu. Da ɗan ya zo jan igiyar gini, sai igiyar ta ɗan yi yawo, taku uku, cikin filin matar maƙwabcin, wata mai sayar da gawayi. Igiya ce, ba ta da ido.

Mai gawayi ta kai kuka wurin dattijon coci, aka sa ranar Laraba da hantsi.

Da safen nan ɗan ya zo ya tsuguna gabanta.

"Mama, ni ban ce ki yi ƙarya ba. Ki ce kin manta. Jiya ma ba ɗankwali kika yi ta nema yana kanki ba?"

"Ɗankwali na manta, ɗan nan. Ban manta ƙarfe ba."

"Wata huɗu ina ɗaukar bulo saboda ke. Ki tsaya gaban mutane ki mai da ni ɓarawo?"

Ta shiga sabon ɗakin ta durƙusa kan siminti. Mutane lafiya suke roƙo wurin Yesu, ita mantuwa ta roƙa. Ta ce ya share mata abin daga kai, ko na yini ɗaya ne, don in ta ce ta manta ya zama gaskiya ta faɗa. Ta buɗe ido, ƙarfen na nan a ranta har da tsatsarsa. Kuma a kansa gwiwarta take.

Dattijo ya iso da Littafi Mai Tsarki a hammata. Mai gawayi ta tsaya gefe tana murza baƙaƙen hannayenta, matar da suke zama benci ɗaya da Mama duk Lahadi.

"Mama, ke kaɗai kika rage," in ji dattijo. "Kin tuna inda iyakar take?"

Ta dubi ɗanta.

"Na tsufa," ta ce. Ɗan ya sauke numfashi. "Amma ban kai nan ba."

Ta shiga ɗakin, ta buga gindin tsintsiya a tsakiyar simintin. Aka fasa, aka haƙa, sai ga ƙarfe.

Dattijo ya sa mata albarka mai tsawo, ya koma gidansa da ba ya yoyo. Mai gawayi ta fashe da kuka, ta ce a bar ɗakin, ita dama so take a san ba hauka take yi ba. Ɗan bai ko kalle ta ba. Ya ɗauko guduma ya fara daga tagar. Kafin la'asar ɗakin ya zama tsibin bulo.

Mama ta tsaya a bayansa. "Ɗan nan, ka sha ruwa."

"Ki kai wa ƙarfenki."

Tun daga ranar ba ya gaishe ta. Abinci dai yana aikowa, a rufe, ba ko sannu. Asabar ta je ta share coci kamar kullum, ta tsaya gaban gicciye da tsintsiya a hannu tana jira ko za ta ji sanyi a ranta. Ba ta ji ba. Ta ce, "To, ka dai gani," ta kwashe shararta.

A hanya hadari ya haɗo. Ta ƙara sauri, don ba ta ajiye robar tare yoyo a ƙafar gado ba.