Na'urar Zuliha a ɗakin kwano

Zuliha ce 'yata ta fari. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake kiranta Uwata. Bana take gama jami'a, kuma aikinta na ƙarshe, memwar suke ce masa, a kan zafin Damagaram ne: wane irin gini ne ya fi riƙe sanyi. Watan Afrilu kaɗai gare ta na awo. In ya wuce, sai baɗi.

Malaminta ya ara mata na'urorin awon zafi, kowace kamar kwalin ashana. Ta rarraba su a unguwannin Birni da Zango, ɗaya ta rataye a ɗakinmu na bulo mai rufin kwano.

Ni kuwa na kasa natsuwa. Da rana ko kaza ba ta shiga ɗakin nan. Kayan aro ne, in ya narke fa? Sai na riƙa cire ta bayan azahar in kai tsohon zauren ƙasa da kakana ya gina, in mayar bayan la'asar. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar ta goma sha tara ta jona na'urar da ordinatarta, wato kwamfuta, ta daɗe tana kallo.

"Baba, kullum ƙarfe biyu zafi ya faɗi da digiri tara, da yamma ya dawo. In wannan ta lalace, sauran ma ba zan yarda da su ba."

Na cire hulata. "Uwata, ni ne. Zaure nake kai ta ta huta."

"Ta huta?"

"Tausayinta na ji."

Ta rufe fuska da mayafi. Na ɗauka kuka take, ashe har da dariya.

"Wuri ɗaya kake ajiye ta?"

"Kan turmi, kullum."

"Har Juma'a?"

"Juma'a nakan ɗan makara."

Ta jawo biro ta rubuta. "Ka ɓata min awon ɗakin kwano, amma ka auna min zaure. Gobe zan kawo wata in sa a can."

"Malamin zai karɓa?"

"In ka kiyaye hannunka kwana goma sha ɗayan da suka rage, Baba."

Washegari bayan azahar na tsaya a ƙofar ɗakin, kwano na ƙara don zafi. Na leƙa na'urar sau ɗaya, na zura hannuwana a aljihu, na wuce.