Saƙon Baba Wendell

Ƙuda ne ke cinye shanun Ofelia Haviland da ransu. Ba irin wanda ake kora da hannu ba. Wannan la'ananne yakan nemi ɗan rauni, ko cibiyar maraƙi, ya zuba ƙwai, tsutsa ta shiga nama ta yi ta haƙa. Tun rasuwar mijinta nonon shanun nan ne ke riƙe da gidan, ga shi rabinsu sun bi ƙasa.

Ana haka masu bincike suka hauro garinsu, Monteverde, da wani ƙuda da suka sauya wa halitta. In ya barbari na daji, irin ya ƙare ke nan har abada. Sai dai a dajin jama'ar Kwaika, 'yan ɗariƙar Kirista ta garin, za a sake shi, su kuwa ba su san ƙuri'a ba. Zama suke yi shiru a kan benci har Allah ya haɗa zukatansu. Mutum ɗaya ya ce bai natsu ba, magana ta tsaya cak.

Mutum ɗayan nan kuwa surukinta ne, Baba Wendell, tsoho mai taurin kan tsiya da kowa ke ƙauna.

"Haba Baba, ƙuda fa!" in ji ta, tana zuba masa kofi. "Ƙuda ka zama wa lauya?"

"Ke kika halicce shi?"

"Da ni ce, ai da tuni na nemi gafarar jama'a."

Ya yi dariya har da tari. "Ki kashe shi kullum, 'yata, in taya ki. Amma a shafe iri ɗungum? In muka yi kuskure, wa zai dawo da shi?"

Ba a jima ba ƙudan daji ya gano gyambon ciwon sukari da ke ƙafarsa. Ranar da za a sauka da shi asibiti, motar duk wari, ya riƙo hannunta.

"In an zauna, ki tashi ki ce ina nan a kan bakana."

Bai sa ta rantse ba. Kwaika ba sa rantsuwa. "To" ɗinsu ta isa. Ta ce, "To, Baba."

Ran Lahadi aka zauna, hazo ya rufe tagogi. Da shirun ya yi nisa, Amado, mai jagorantar zaman, ya tambaya ko akwai wanda bai natsu ba. Mutane suka dubi gurbin tsohon, suka dube ta. Da safiyar ranar ta binne karsanar da ta fi so, ƙasar na nan a farcenta. Ta sunkuyar da kai, ta ƙi tashi. Aka ɗauka tsohon ya sauko, aka gode wa Allah. Kafin mako ya zagayo an saki ƙudan.

Da ta je duba shi ta tarar an yanke ƙafar daga gwiwa. Ya rame, sai idanu.

"Ya aka ƙare?"

"An amince, Baba."

"Bayan sun ji maganata?"

Ta shiga gyara masa bargo. Shi kuwa bawan Allah, tunda yake ba a taɓa yi masa ƙarya a cikin jama'arsa ba, sai ya ɗauka amsa ke nan. Ya daɗe yana kallon rufi, hawaye na gangara masa cikin kunne.

"Ashe duk jama'a sun ji muryar Allah, ni kaɗai ne kurma. Na tare hanya, shanunki na mutuwa, ina zaton gaskiya nake riƙe. In na fita, ba zan ƙara buɗe baki a taro ba."

"Baba, kar ka ce haka."

"Ki yafe mini, 'yata."

Kunya ta kama ta, ta ji kamar ta nutse. Ya riƙo hannunta, yana jira.

"Na yafe, Baba," ta ce.