Sabuwar Takarda a Gidan Tokuji

Ranar da Kurahashi Mio ta dawo daga Tokyo, a bakin hanya ta tarar da ni ina tsinkar gauta. Ta ajiye jakarta a ƙofata, ta ce in zo in ji yadda aikin ya zauna, don ta kammala shi kafin ta tafi jinyar mahaifiyarta. Muka haura tare, tana gaba, ina biye da sandata.

Gidan Tokuji ne na ƙarshe a ƙauyenmu na Orihira, daga shi sai kurmi. Tun da matarsa Chiyo ta rasu, idonsa kuma ya tafi, aka kai shi gidan kula da tsofaffi a cikin gari, gidan ya zama kango. Da masu shirya baje kolin fasaha suka zo neman gidajen da ba kowa, Tokuji ya ba da nasa bisa sharaɗi guda: a kawo shi ya ji. Ya gaya wa Mio, mai fasahar da aka ba aikin, cewa gidan yana da murya, da ita yake samun barci bayan rasuwar Chiyo, kuma inda yake yanzu babu abin da ke magana sai na'urar sanyaya ɗaki. Jikinsa ya yi rauni ƙwarai. Likita ya amince masa da fita ɗaya tak, ranar buɗewa.

Muryar da yake nufi ta takarda ce. Ƙofofin gidan da tagoginsa duk na takarda ne a kan katako, kuma shekaru sun yayyage su. Iskar da ke gangarowa daga dutse tana shiga ta kowace kafa da nata ƙarfin, yagaggen bakin takardar yana karkarwa, wani kamar ƙudan zuma, wani kamar tsohuwa tana guna-guni. Mio ta shafe lokacin zafi a zaune a tabarmar gidan tana koyon kafofin nan ɗaya bayan ɗaya. A gaban kowacce ta rataya zare daga azara, ta ɗaura masa tsinken gora, ko karan shinkafa, ko ɓallin kofin tangaran daga cikin fasassun kayan Chiyo. Idan iska ta motsa, wannan ya juya ya taɓa wancan, sauti ya taso daga madafa ya bi ɗakuna har zaure. Na koyar da kimiyya a makarantar sakandare har na yi ritaya, ba na cikin masu zubar da hawaye gaban kayan zane. Amma ran da na fara jin abin, na zauna har shayina ya huce.

Wannan karon kuwa, tun daga nesa na ga gidan ya yi fari fat. Mio ta tsaya cak. Kowace ƙofa, kowace taga, an liƙe ta da sabuwar takarda, a miƙe kamar fatar ganga. Muka shiga. Zaruruwan suna nan a rataye, ba a taɓa ko ɗaya ba, an ma share ƙasa a hankali an zagaye su. Amma babu zaren da ke motsi. A waje kuwa bishiyoyi sai kaɗawa suke yi.

Ba mu gama tsayuwa ba sai ga matan ƙauye sun hauro, Masae a gaba. Ita ce ƙanwar marigayiya Chiyo, tare muka yi firamare da ita. Sun ga wucewarmu, sun zo su ga fuskar Mio. Bikin Obon ya zo daidai da makon buɗewa, lokacin da kowa ke gyara gidansa don tarbar magabatan da suka rasu, su kuma sun ga bai dace Malama baƙuwa ta sha wahalar aiki a gida mai kafofi ba. Sun ɓoye mini, don sun san bakina. Masae ta ɗaga hannayenta masu kumburin gaɓoɓi ta nuna, tana dariya, ta ce wuni biyu suka yi suna kankare tsohon sitacin liƙi, tsohuwar takardar kuma sun ƙone ta a bayan gida.

Na dubi Mio. Ta haɗa hannuwa a cinya, ta sunkuya ƙasa sosai, ta daɗe a haka. Ta ce ba ta san yadda za ta gode musu ba.

Ana yawan cewa mu mutane ne da ke fahimtar juna ba sai an yi magana ba. An rubuta littattafai a kan haka, baƙi ma sun haddace. Ni dai abin da na gani a rayuwata shi ne, ba ma magana, kuma ba ma fahimtar juna, sai dai mun iya sunkuyawa.

Bayan sun tafi ta gwada abin da za a iya gwadawa. Ta zuge ƙofofi gaba ɗaya, iska ta shigo a dunƙule, zaruruwa suka sarƙe, wani ɓallin kofi ya bugi ginshiƙi ya tarwatse. Ta rage su saura ɗan tsagi, sai layin da ke bakin ƙofa ya riƙa ƙara, sauran ɗakin shiru. Washegari wani ma'aikacin ofishin baje kolin ya kawo fanka. Abin ya motsa, amma motsi iri ɗaya, babu tashi babu faɗuwa, ita da kanta ta kashe. Na ce ta kawo reza mu yi wa takardar kafofi. Ma'aikacin ya yi murmushin nan nasu, ya ce abin zai ɗan yi wuya. Ƙauyuka ne ke ba da gidaje, in an ɓata wa ƙauye ɗaya rai, badi sauran za su ji. Mio ta ce ko da ba ofis, ba za ta iya sa reza a aikin hannayen nan ba.

"Ni baƙuwa ce, Takizawa-san," ta ce mini. "Miyarsu nake sha tun da na zo."

Na ce to ni ba baƙuwa ba ce.

Na sami Masae a barandarta tana jera gauta cikin gishiri. Ta zuba mini shayin sha'ir mai sanyi, ba ta ko ɗago ba.

"Malama Fumie da kanta. Yau wa ya faɗi jarrabawa?"

"Ke, kamar kullum."

"Ai shi ya sa na yi aure na bar muku lissafin. Zauna, kada ki karye mini a ƙofa."

Na fara zagaye-zagaye yadda aka saba, zafin bana, kyan takardar, wahalar da suka sha. Da na ji kaina ina yin abin da nake zargin mutane da shi, sai na faɗa mata kai tsaye: kafofin nan su ne aikin. Iska tana bukatar mashiga da mafita. Sun toshe gidan, yarinyar ba ta da abin da za ta nuna, Tokuji kuma zai zo ya tarar da shiru.

Ta ci gaba da barbaɗa gishiri. Na ɗauka ba ta gane ba, har na buɗe baki zan sake bayani.

"Na ji ki, Fumi-chan, ba kurma ba ce ni. Yarinyar ta rataya kofunan yayata, ban ce komai ba. Fasassu ne, amma ban ce komai ba." Ta goge hannu a zanen gabanta. "Yaya Chiyo ba ta taɓa barin Obon ya same ta da yagaggiyar ƙofa ba, ko shekarar da ƙanƙara ta karya musu rufi. Yanzu za ta dawo gidanta ta tarar da shi kaca-kaca, mutanen Tokyo suna ɗaukar hoto suna cewa dubi yadda ƴan ƙauye ke zama? Ke ba ki yarda matattu na dawowa ba, na sani, kin yi karatu. Ni kuwa zan kunna mata wutar tarba a ƙofa."

Na ce Tokuji yana raye, shi ne zai zo da kunnensa.

"Tokuji ne ya bar takardar ta yage," in ji ta. "Ci gauta."

Na ci. Duk hanyar gida ina neman amsar da zan ba ta, ban samu wadda ba zalunci a ciki ba.

Ranar buɗewa motoci suka cika filin tsohuwar makaranta. Mutane suka riƙa cire takalma suna shiga gidan a layi, suna tafiya a kan yatsu. Wani mai rubuta sharhi a mujallar fasaha, da baƙar riga da farin gashi, ya tsaya tsakiyar ɗaki ya lumshe ido. Da ya buɗe sai ya shaida wa na kusa da shi cewa wannan shi ne zurfin al'adarmu: kayan sauti da suka ƙi yin sauti, motsin da ke jiran kansa. Wasu suka rubuta. Ya taya Mio murna, ta sunkuya masa. Da ni aka bari, da na gaya masa ko tukunyar da aka rufe ta kai wannan zurfin.

Da rana ta ɗan karkata aka kawo Tokuji. Ma'aikaciyar jinya da maza biyu suka ɗaga kekensa na marasa lafiya suka haye da shi dakali. Ya rame har rigar bikin da aka sa masa tana zamewa daga kafaɗa. Aka ajiye shi kusa da murhun tsakar ɗaki inda ya saba zama, aka roƙi baƙi su ɗan jira a waje. Muka rage ni da Mio da Masae da mai jinyar.

Ya karkata kai. Muka jira tare da shi. Daga nesa ana jin kukan gyare, a toshe, kamar ta cikin bargo.

"Yau babu iska ne?" ya tambaya.

Inuwar rassa tana ta kai da komo a kan farar takardar.

Masae ta matso ta durƙusa, ta ce masa, da ƙarfi yadda ake yi wa tsofaffi, sun gyara wa Yaya Chiyo gidanta tsaf, ko kafar allura babu. Ya miƙa hannu gefe, ya laluba ƙofar da ke kusa da shi, ya shafa ta daga sama zuwa ƙasa. Ya daɗe yana shafawa.

"Kun sha wahala, Masae," ya ce. "Na gode."

Sai Mio ta rarrafa zuwa zaren da ke bisa kafaɗarsa, ta kai bakinta kusa, ta hura a hankali. Tsinken gora ya juya, ya taɓa tangaran, ya yi ƴar ƙara siririya. Ta sake hurawa. Tokuji ya yi murmushi.

"Wannan numfashin mutum ne, ƴata. Bari, kada ki gaji."

Mai jinyar ta dubi agogo, ta ce a ba shi ɗan lokaci kaɗan kafin a mayar da shi.

Na fita ta madafa, na zagaya bayan gida, ɓangaren da ke fuskantar dutse. Iska tana ta tura mini gashi cikin ido. Na jingina sandata, na lashi ɗan yatsa, na danna shi a takardar tagar ɗakin. Ta lotsa, ba ta huje ba. Na ƙara yawu, na sa farce, na danna da duk ƙarfin da ya rage mini. Irin ta zamani suka sayo, mai leda a ciki, wadda ake tallarta cewa ko kyanwa ba ta iya yaga ta. Na shiga laluben aljihu ko akwai makulli, babu sai hankici da alewar tari. Na sunkuya neman tsinke a ƙasa, matan sun share wurin ƙal.

Ina durƙushe a nan na ji ƙarar ƙafafun keke a kan katako, da muryar maza suna cewa a ɗaga a hankali.