Wa Ya Ɗauke Min Tabarau?

Mista Thorne darakta ne da bai yarda da tsoron ƙarya ba. In yana son ɗan wasa ya firgita a gaban kyamara, sai ya firgita shi da gaske. Duk Landan ana rububin finafinansa, amma wallahi mutumin ba shi da imani ko na sisin kwabo.

A sabon fim ɗinsa Lionel ne zai fito a dattijon da hankalinsa ke gushewa a hankali. Sai Thorne ya kira Enid, matar Lionel, mai kula da tufafin 'yan wasa, ya ce ta riƙa sauya wa kayan mijinta wuri a ɓoye.

"Yallaɓai, mijina ne fa," in ji ta.

"Shi ya sa. Wa zai zarge ki? Tun kafin yaƙi rabonsa da babban fim. Kina so ya haska ko ba kya so?"

Tana so mana. Ta fara da tabarau, ta cire daga aljihun kwat ta tura cikin takalmi. Lofensa na shan taba ya koma bayan madubi. Lionel ya riƙa shiga gaban kyamara idonsa a raina fata, yana laluben aljihu, Thorne na can gefe yana murza hannu don daɗi.

Lionel da bakinsa ba ya hutawa da barkwanci ya koma shiru, ya rame. Wata safiya ya riƙe hannunta ya ce, "Enid, in kin ga na fara zama kaya, kada ki ɓoye min." Tausayinsa ya kusa kashe ta, amma ta danne, ai saura kaɗan.

Ranar da aka gama ɗaukar fim ɗin ta ja shi shagon shan shayi, ta zayyana masa komai tana kuka. Sai ya fashe da dariya har da buga tebur.

"Kai, tsohuwar munafuka! Tabarau ɗin?"

"Ni ce."

"Lofen ma?"

"Ni ce, Lionel. Ka yafe min."

"Yafe me? Ai kin sauke min dutse daga ƙirji." Ya share hawayen dariya, ya matso kusa. "Amma faɗa min guda ɗaya. Ran Lahadi da na fita sayo jarida, na dawo na tsaya tsakiyar layinmu na rasa wacce ce ƙofarmu, sai maƙwabciya ce ta rako ni. Wannan yaya kuka shirya shi?"

Enid ba ta taɓa jin wannan labarin ba. Ta dube shi, fuskarsa fal murna, yana jiran amsa kamar yaron da aka nuna wa siddabaru.

"Ni ce," in ji ta. "Duk ni ce."

Ya girgiza kai yana yaba wayonta, ya jawo burodi ya shiga shafa bota.